Karen da Ci Bai Kama Jikinsa Ba

Kafinta ya daɗe da ajiye zarto, tun lokacin da gwiwa ta fara yi masa gardama, amma sunan bai sake shi ba. Yanzu karnukan gadi yake kiwo a harabar gidansa, irin masu tsayayyun kunnuwa da baƙin baya, tsantsar jini babu gauraye. Uban garken shi ne Janar, ƙato mai faɗin ƙirji, wanda in ya yi haushi sai kwanukan kicin su amsa. Duk wanda ya sayi kwikwiyo a gidan, da sunan Janar yake tinƙaho.

Wata safiya mai walda na bakin titi ya shigo janye da kare a igiya. Sai da Kafinta ya duba sau biyu kafin ya gane ɗan Janar ne, wanda ya sayar masa bara. Haƙarƙari a waje, gashi ya dushe, ƙugu kamar an matse shi da bel.

"Kai yaro, ƙarfe kake ba shi?"

"Baba, wallahi ya fi ni ci. Kwano biyu yake tashi da shi, ya koma yana lasar ƙasa. Maganin tsutsa kuwa har na gaji da saye."

Kafinta bai yarda ba. Ya ce a bar masa karen, zai nuna wa mai walda yadda ake kiwo. Ya ware masa keji, yana dafa masa nama da hannunsa. Kare ya ci kamar gobara, amma jiki shiru. Kullum da safe in ya zo shara sai ya tarar da kashi tuli, fari-fari, mai maiƙo, ga warin da ke korar ƙuda.

Matarsa ta leƙo daga taga, ta toshe hanci da gefen mayafi. "Maigida, girman kai ba magani ba ne. Ka kai shi asibiti kafin maƙwabta su kai mu ƙara."

Likitar dabbobin matashiya ce mai ƙaramar murya. Ta ɗora karen a kan teburin ƙarfe, ta lalluba cikinsa, ta ɗebi jini. Da sakamako ya fito ta kira Kafinta, ta ba shi kujera.

"Baba, akwai wata 'yar gaɓa kusa da tumbi, ita ke fitar da ruwan da ke narkar da abinci. Tasa ta ƙafe. Abin da ya ci wucewa kawai yake yi."

"Zai mutu ke nan?"

"A'a. Akwai garin magani da za a riƙa gauraya masa a abinci, muddin ransa. Zai murmure." Ta dube shi. "Amma irin wannan ciwon yakan bi jini. Uwarsa da ubansa, akwai dangantaka tsakaninsu?"

Kafinta ya sunkuyar da kai. Ita uwar karen, ƙanwar Janar ce, ubansu ɗaya. Shi ya haɗa su da gangan don kada baƙin bayan nan ya ɓace.

"Amma Janar lafiyarsa ƙalau, 'yata. Ko zawo bai taɓa yi ba."

"Mai ɗauke da kaya ba lallai a gan shi yana nishi ba. Ni dai da ni ce, daga shi har ita ba za su sake haihuwa ba. Sauran 'ya'yan kuma a sa musu ido."

Kwana biyu abinci bai yi wa Kafinta daɗi ba. Ƙanin matarsa, wanda shi ma yake taɓa harkar karnuka, ya zo da shawara. "Yaya, wa ya sani in ba ka faɗa ba? In ka ƙosa da Janar ka ba ni shi, na kai shi wani gari. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa."

"Su ba rariya suka saya ba," in ji Kafinta. "Sunana suka saya."

Ya kai Janar da ƙanwarsa asibiti aka yi musu aikin hana haihuwa. Sa'annan ya ɗauki sandarsa ya shiga bin gidajen da ya sayar wa kwikwiyo, yana gaya musu ciwon da alamunsa, yana roƙon kada a bar karnukan su haihu. Wani ya yi godiya, wani ya rufe ƙofa tun bai gama magana ba. Wata tsohuwar malamar makaranta, wadda ta riga ta yi wa jikokinta alkawarin 'ya'yan karyarta, ta wanke shi tas a bakin get.

"Yanzu ka zo mini da wannan? Da can ina hankalinka yake?"

Ya tsaya ya sha faɗan har ta gaji. Da ya juya zai tafi sai ta ce, "Dakata. Me ka ce alamun?" Ya lissafa mata. Ta tambaya ne domin karyar ta fara ramewa tun watan jiya, ita kuma ta ɗauka zafi ne. Washegari tare suka je wurin likita, aka tari ciwon tun bai kayar da ita ba.

Karen mai walda kuwa, sannu a hankali haƙarƙarinsa suka nutse, gashi ya dawo yana sheƙi. Mai walda ya zo ya tafi da abinsa, da gwangwanin magani a aljihu, karen yana jan sa har yana tuntuɓe.

Harabar ta yi shekara babu kukan kwikwiyo. Matarsa ta ce ta samu barci, amma ita ce ta fara cewa gidan ya yi shiru da yawa. Malamar nan, da ta huce, ta riƙa gaya wa mutane cewa akwai tsoho guda da zai gaya maka aibin kayansa da bakinsa. Masu son kare suka fara zuwa suna cewa za su jira.

Da ya tashi neman sabon iri, sai ya je can ƙarshen gari wurin wani mai kiwo da karnukansa ba su haɗa jini da garken Janar ba. Mutumin ya fito da wata budurwar karya, kyakkyawa, yana yabon kunnuwanta.

"Na ga kunnuwa," in ji Kafinta. "Ina uwarta?"

Aka nuna masa.

"Kakarta fa?"

Mutumin ya yi dariya. "Baba, aure ka zo nema? Tana gidan yayata, bayan tashar jirgi."

"Mu je mu gaishe ta."

Suka tarar da kakar kwance a inuwar tankin ruwa, tsohuwa tuƙuf, bakinta ya yi furfura, jiki a murje. Ta ɗaga kai ta yi musu haushi ɗaya na fita hakki, ta koma ta kwanta. Kafinta ya jawo benci ya zauna, ya ce ba inda za shi sai ya ga an ba ta abinci, ya ga ko ana gauraya mata garin magani.