Tagar Ɗakin Leokadia

"Me take cewa?" likita ya tambaya.

Alojzy ya sunkuya kan gadon matarsa. Tun da jini ya ɓalle wa Leokadia a ƙwaƙwalwa harshenta ya yi nauyi, Polanci ya zube mata kaf. Abin da ya rage shi ne Kashubanci, yaren ƙauyen su Leokadia na bakin tafki, wanda shi, malamin Polanci, ya hana a yi masa a gida shekara arba'in da ɗaya. A Polanci kalma guda ce, jezik, take nufin tsokar baki da abin da ake faɗa da ita. Alojzy ya sha koyar da haka a aji. Yau ilimin bai tsinana masa komai ba.

"Ban gane ba," ya ce.

Likita ya ce da wuya ta kai la'asar, ya fita.

Leokadia ta sake maimaita maganar, idonta a kansa. Wata mai goge daɓe ta jingine sandarta a bango, ta kira Alojzy da sunan da ɗalibai suka san shi da shi.

"Malam Kreft ko? Regina ce, 'yar aji huɗu. Ka sa ni durƙuso a kan busasshen wake saboda na ce ina kwana da yaren gida. Gwiwar nan har yau tana gaishe ka."

"Me take so?"

"Taga. A buɗe taga. Duk littattafan nan ba wanda ya gaya maka rai ba ya fita a rufaffen ɗaki?"

Ya sha kiran wannan camfin ƙauyawa. Ya tashi da sauri ya nufi tagar. Asibiti sun cire mariƙinta.

Regina ta zaro mariƙin daga aljihun rigar aikinta, ta murɗa. Iskar kaka ta shigo da ƙamshin jiƙaƙƙen ganye.

"Gaya mata an buɗe," in ji Alojzy. "Ki ce mata ina nan."

"Kana da baki, Malam. Kalma huɗu ce. Bi ni."

Ta faɗa, ya bi. Ta girgiza kai. Ya sake, harshensa na tuntuɓe. A karo na biyar ta ce, "Yauwa. Ka ci."

Ya juya wajen gadon ya faɗa daidai, da ƙarfi, sau biyu.

Regina ta tsaya tana duban fuskar Leokadia. Can ta cire ɗankwalinta ta rufe madubin da ke bango, kamar yadda ake yi a ƙauyensu in an yi rasuwa.