Masu Haya a Bishiyar Surukata

Surukata ba ta neman komai a duniya sai ƙwayar iri guda daga bishiyar lemon da marigayi mijinta ya dasa a tsakar gida. Za a rushe layinmu a yi titi, ga shi bishiyar ta daina haihuwa tun tuni.

Muka kira malamin gona. Ya zagaya ta, ya tona gindinta, ya ce kauci ya kafu a rassanta yana shan ruwanta, darɓa na tsotsar ganye, tsutsa na cin saiwa.

"Mama, kishin juna ne ya hana su kashe ta," in ji shi. "Kowa na rage wa ɗan'uwansa abinci. Tana raye, amma ba ta da rarar ƙarfin yin fure."

Shi ke nan fa, tsohuwar nan ta ɗauko kujera ta kira taron 'yan haya. Wallahi da kunnena na ji tana tambayar tsutsa wa ya ba ta ɗaki. Da ba wanda ya amsa, ta yanke hukunci a kan kauci, wai shi ne mai ɗaga kai. Ta sa mijina ya hau ya sare shi.

Ganye ya yi ruwa, darɓa ta samu sake, ta hayayyafa har bishiyar ta yi baƙi ƙirin. Haushi ya kama ni, na ce, "Mama, da kin bar su da rigimarsu."

Ta je bola ta tsinto kaucin, ta ba shi haƙuri, ta ɗaure shi a reshe da ɗankwalinta. Ya riga ya bushe, amma kullum sai ta gaishe shi.

Da bishiyar ta ga mutuwa muraran, sai ta tattara abin da ya rage mata ta yi fure ɗaya tal. Ya zama lemo, bai fi maɓallin riga ba.

Ranar tashi, kaya na cikin mota, ta tsinke shi ta yanka a tafin hannunta. Duk muka leƙa. Babu ƙwaya ko ɗaya.

Tausayinta ya kama ni har na kasa kallonta. Ta jefa shi baki har da ɓawo, ta daɗe tana taunawa.

"Ɗaci," ta ce. "Halin marigayi sak."

Sannan ta nemi a taimaka mata ta hau mota.