Dodon da Ke Jan Ƙafa

A shekarar 1998, Kumai ne mai buga takardu a shagon kwamfuta na Madam Scholastica, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Shi ya tara samari suka fara sauya wani wasan harbi da aka kawo a faifai daga Legas, suna cire dodannin Turawa suna zuba nasu. Ebubechi, ɗan wani direban jirgi, shi ke zana siffofi. Umar Faruk, ɗan mai sayar da citta, shi ke rubuta umarnin da ke motsa su. Sai dai su biyun ba sa ga maciji. Umar ya nemi hotuna takwas na takun dodo, a kawo masa biyar, dodo ya fito yana tsalle kamar kwaɗo, kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi.

Kumai ya gaji da jigilar faifai tsakaninsu, ga shi shan inna ta taɓa masa ƙafar hagu tun yana yaro.

"Daga yau benci ɗaya, kwamfuta ɗaya," in ji shi. "Kafin a ja layi, ku yarda a kan girma da suna da taku."

Dabarar kuwa ta ci. Har dariya suka koma yi tare, in ya matso su tare fuskar kwamfutar su ce, "Oga, bari sai ya nuna." Don murna ya saya musu tsire.

Ran Asabar ɗin da za a nuna aikin, shago ya cika. Kumai ya gayyato Dorathy, 'yar mawaƙan cocinsu da ya daɗe yana nema. Ebubechi ya ja masa kujera.

"Oga, kai ka haɗa mu. Kai za ka fara."

Ƙofa ta buɗe a wasan, dodo ya fito sanye da shuɗiyar rigar Kumai ta zuwa coci, da tabaronsa, yana jan ƙafar hagu. Babu abin da suka bari, har dafa gwiwar da yake yi kafin ya juya. Ba su taɓa yin aiki mai kyau haka ba.

Shago ya ɗauki ihu. Kumai ya waiga, ya ga Dorathy ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Harba mana, zai cinye ka!" in ji Umar.

Ya harba. Dodon ya faɗi yana cewa, "Wayyo Yesu," da muryar Kumai, wadda suka naɗa a ɓoye.

Faifan ya yi ta yawo har Kagoro da Zonkwa. Dorathy ta daina tsayawa gaisawa bayan sujada. Kumai bai bar shagon ba, don ba shi da wani aiki, kullum yana buga takardu yana jin muryarsa na kuka a bayansa. Ebubechi da Umar Faruk kuwa, da shekara ta zagayo, suka buɗe shagonsu tare a Sabon Tasha.