Milimita Uku

Shekara shida na yi ina aikin safiyo, ina awon filayen mutane cikin rana, ina raba maƙwabta faɗa a kan taku ɗaya na ƙasa. Da na ga sanarwar sojan sama za su ɗauki masu digiri su zama hafsoshi, har da gurbin matuƙan jirgi, sai na ajiye aikin. Ba sa karɓar wanda ya cika shekara ashirin da takwas, ni kuwa saura wata huɗu in cika. In na faɗi bana, shi ke nan.

Jarrabawar rubutu na ci. Gudu ma na ci, duk da sai da na yi amai a ƙarshen layi. Abin da ya rage awon jiki ne, kuma nan damuwata take. Har a zaune suke auna mutum, daga kujera zuwa tsakar kai, don matuƙi ya iya hangen gaba ta saman na'urorin jirgi. Santimita tamanin da shida suke so. Na auna kaina a bangon ɗakina ya fi sau ɗari: da safe ina kaiwa har da ɗan ƙari, da yamma ina gazawa. Ashe ƙashin baya yakan ɗan lotsa in mutum ya wuni a tsaye.

Shi ya sa ranar awon Yayana ya kai ni a kwance a bayan motarsa, ƙafafuna a jikin gilashi.

"Auta," ya ce yana leƙo ni ta madubi, "in 'yan sanda suka tare mu, me zan ce na ɗauko?"

"Ka ce matuƙiyar jirgi ce."

"To, ranki ya daɗe, kada ki motsa, ga rami nan."

Ƙarfe bakwai muka isa. Aka ba ni lamba tamanin da bakwai, aka tura mu wani dogon zaure mai kujerun roba da fanka ɗaya da ke juyawa kamar an roƙe ta. Na zaci da awon za a fara. Ina! Ido aka fara dubawa, sai kunne, sai haƙori, sai jini, kowanne da layinsa, kowane layi a tsaye. Ina jin kaina ina raguwa. Wallahi ji nake kamar ana danna min kai da tafin hannu.

Da rana ta take, aka ce likita ya tafi cin abinci. Na zagaya bayan kujerun ƙarshe, na shimfiɗa mayafina a siminti, na miƙe. Ko minti goma ban yi ba sai ga takalmi a saitin fuskata. Sajar da ke kula da mu ce, wata doguwar mata wadda tsawon da take yawo da shi a banza zai ishe mu mu biyu.

"Gawar wa aka yar a nan?"

Na tashi zumbur. "Ranki ya daɗe, bayana nake hutarwa, saboda awo."

"Hafsa muke nema, ba tabarma ba. Jeki bakin ƙofa ki ƙame har sai na kira ki."

Awa ɗaya da rabi na yi a ƙame. Ban yi fushi da ita ba, ƙarfin fushin ma babu. Kawai na gaji, irin gajiyar da ko kuka ba ya zuwa.

Ƙarfe huɗu da kwata aka kira lambata. Na zauna a kan akwatin katako, na manna bayana da allon awo, na ja numfashi, na miƙe wuya har sai da ya yi ƙara. Likitan, wani dattijo mai furfura a gira, ya sauko da katakon awon kan kaina, ya duba, ya ɗaga, ya sake saukewa.

"Tamanin da biyar da ɗigo bakwai."

"Yallaɓai, milimita uku ne fa. Ni ma'auniya ce, a wurinmu wannan kuskuren ma'auni ne. A bar ni in dawo gobe da sassafe, wallahi zan kai."

Ya cire tabarau ya murza ido. Shi ma da gani ya gaji.

"Na san za ki kai, 'yata. Amma jirgi ba da safe kaɗai yake tashi ba."

Da ni ke riƙe da ma'aunin, abin da zan faɗa ke nan.

Ya turo min wata takarda. Ya ce sakamakona ya yi kyau, akwai gurbin hafsa mai ba jirage umarnin tashi da sauka daga hasumiya, amma ƙarfe biyar ake rufe karɓa. Na dubi takardar na daɗe. Ta taga ina hango Yaya zaune a kan bonet ɗin motarsa, yana ta miƙa wuya wajen ƙofa.

"Daga hasumiyar," na ce, "ana ganinsu suna tashi?"

"Kullum. Har ki gaji da gani."

"To a ara min biro."