Shafin Kurkunu

Yahuza ɗan Malam Manzo ya dawo Falanko hutu a farkon daminar 1927 da nauyi a zuciyarsa. Tun yana ƙarami kawunsa Dado, mai fataucin fata, ya tafi da shi Katsina ya sa shi boko, har ya kai ajin da ake horar da masu son zama malaman makaranta. A can komai da Ingilishi ake koyarwa, lissafi ne, ilimin tsirrai ne, ko na tsabtar jiki.

Hadda kuwa Allah ya ba shi. A gaban ubansa ya taso da allo, kuma haka ya kama littafin Turawa: ya yi ta bitar shafi da ƙarfi yana rangaji har ya zauna masa daram. Ka kama masa bakin layi, ya zubo maka shafin har ƙasa. Ka tambaye shi abin da shafin ke faɗa, sai ido.

Ran da za a sallame su, Malam Yahaya mai koya musu Ingilishi ya tsayar da shi. "Yahuza, wanda zai koyar ba ya ɗaukar kaya a ƙulle. Ka karanta layi ɗaya, ka rufe littafi, ka faɗa wa wanda bai taɓa shiga aji ba da Hausa har ya gane. In ka dawo mini da hadda zalla, ajin nan ba naka ba ne."

A gida ya tarar da ubansa kwance a zaure, ƙafar dama ta kumbura suntum. Kurkunu ne. An nannaɗe farin zaren tsutsar a jikin tsinke, kullum ana ja kaɗan kaɗan. Ruwa ya sauka, kowa yana gona, gonar Malam Manzo kuwa ko rabi ba a shuka ba. Yahuza ya ajiye littafi ya ɗauki sungumi. Ya fara tunanin ma ya haƙura da Katsina, tunda dai ƙarshenta korarsa za a yi.

Wata rana da azahar yayarsa Hajjo ta kawo masa fura gindin aduwa. Ta ga littafin a cikin jakarsa ta yi dariya.

"Ina waƙar nan taka ta bara, wadda ka tara mu a tsakar gida ka rera? Har Baba ya ce kai ya yi kyau."

Ya tuna. Shafin da ya fi iyawa ne, daga littafin tsabta. Ya buɗe shi, ya ce, "Yaya, zauna ki taimake ni. Zan faɗa miki da Hausa."

Abin ya zo da wuya. Kalmomin duk ya san su ɗai ɗai, bai dai taɓa tsayawa ya haɗa su ba, don bakinsa kullum yana gaba da kansa. Ya karanta layi, ya rufe littafin, ya yi ta lalube.

"Wai a ruwan tabki akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani sosai."

"Sai me?"

"Wai suna ɗauke da 'ya'yan wata tsutsa. In mutum ya sha, sai ta girma a jikinsa." Ya sake buɗewa, ya rufe. Muryarsa ta yi ƙasa. "Bayan shekara guda ta huda ƙafa ta fito."

Hajjo ta ajiye ludayi. "Ci gaba."

"A tafasa ruwan. Ko a tace shi da ƙyalle mai ƙarfi kafin a sha."

"Shi ke nan? Ƙyalle?"

"Shi ke nan."

Bara war haka Yahuza yana tsaye kusa da randa yana zuba wannan shafi, ƙirji a buɗe, ubansa na gyaɗa kai da moɗar ruwan tabki a hannu. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Da la'asar ya durƙusa gaban uban ya faɗa masa duka, bai rage komai ba. Malam Manzo ya daɗe yana kallon tsinken da ke ƙafarsa.

"Wannan ne ka karanta mana bara?"

"Shi ne, Baba."

"Ni na koya maka hadda, amma ban taɓa ce maka a nan ake tsayawa ba. Ni kaina sai da na zauna gaban malamai suka fassara mini." Ya nisa. "Shafi nawa ke kanka haka a ƙulle?"

"Da yawa."

"To ba za ka tashi daga garin nan ba sai ka kwance su ɗaya bayan ɗaya a gaban yayarka. In an gama noman farko ka koma."

A tsakar gida Hajjo ta riga ta wanke sabon ɗankwalinta, ta ɗaure a bakin randa, tana tsiyaya ruwan tulu a hankali. Da ta gama ta kawo ƙyallen zaure ta shimfiɗa a hasken ƙofa. Yahuza ya sunkuya. Wasu 'yan ɗigo farare suna motsi a cikin laimar ƙyallen.

"Miƙo in gani," in ji Malam Manzo.