Doguwar Gaisuwar Ya'u Direba

Duk tashar Kawo an san Ya'u da hali ɗaya: ba ya iya barin fasinja a ƙasa. In motarsa ta Zariya ta cika, wani ya zo yana marairaicewa, sai ya muskuta ya ba shi rabin kujerar direba. Haka zai yi ta tuƙi a karkace, kafaɗa manne da ƙofa, yana zuba raha kamar a falonsa yake. To, jiki ba ƙarfe ba ne. Ƙugu ya fara, gwiwa ta karɓa.

Matarsa Harira tana shafa masa man zafi tana mita. "Malam, mota taka, amma kai ne ɗan raɓe a cikinta?"

Dariya kawai yake yi. Shi abin da ke cin ransa Juma'a ce. In an sauko daga masallaci yakan je Hayin Banki gaida mahaifiyarsa, Inna Turai, kuma tun da ya yi wayo bai taɓa gaishe ta a tsaye ba. Ya tsaya mata ƙiƙam a ka? Ina! Gara ƙafar ta ɓalle. Kuma ba ya so ta san yana ciwo, don Inna in hankalinta ya tashi ko abinci gagararta yake.

Ran nan ya same ta a kan tabarma tana gyaran zogale. Ya cije leɓe ya durƙusa. Gwiwa ta ce ƙas, amma dai ya kai ƙasa, ya ji daɗi har ransa.

Aka gaisa aka gama. Ya yunƙura, tashi ya ce bai san zancen ba.

Sai gogan naka ya sake sabon lale. Ya gida, ya zafi, ya awaki? Akuyar nan ta haihu kuwa? Ya mutan maƙwabta? Zufa na tsiyaya, har kajin maƙwabcinta Bawa mai shayi sai da ya tambayi lafiyarsu.

Inna ta ture farantin zogale gefe. "Direba, yau gaisuwar har Zariya za ta kai mu?"

"Zumunci ne, Inna."

"Zumuncin gidanku. Tun daga zaure na ji kana jan ƙafa."

Kunya ta rufe shi. Tsohuwa ta dafa bango ta miƙe, ta miƙo masa hannu.

"Haba Inna, ke da kanki?"

"Kama, ni dai. Wa ya koya maka tsayuwa? Ba yau na fara ɗaga ka ba."

Ya kama. Hannun ba nauyi, duk ya yamushe, amma wallahi sai ga shi tsaye.

"Daga yau ka zauna a kujerarka kai kaɗai," in ji ta. "In ka zo nan kuma, ga tabarma, ka miƙe ƙafa. Kai nake son gani, ba gwiwarka ba."

Ya ce to, yana dariya yana share ido da hularsa. Bai saki hannun ba.