Bokiti Ɗaya, Ɗauri Ɗaya

Duk benen, daga ƙasa har sama, Goggon Sama ake ce mata, don ɗakinta ne na ƙarshe. In ka wuce ƙofarta sai 'yar matakala, sai rufin kankare. A kan rufin nan ta fara shuka, shekarar da aka rufe masana'antar takalman da rabin mazan gidan ke aiki. Buhunan siminti ta tsinto da tsofaffin tayoyi, ta cika su da ƙasa da taki, ta zuba alayyafo da tumatir da albasa da kabewa. Aka yi ta yi mata dariya har ganye ya fito. Daga nan dariya ta koma gaisuwa.

Goggo ta san mutanen gidan kamar yunwar cikinta. Irin mutanen nan ne da gara su kwana da ruwan zafi da su miƙa hannu. Ta taɓa aika wa Baba Direba ɗaurin alayyafo, wani tsoho da ke zaune a hawan ƙasa yana jinyar matarsa. Da kansa ya hawo mata da shi, a kan gwiwoyin da ba sa lanƙwasuwa, ya ce sun gode, sun riga sun yi cefane. Cefanen ina? Ta ga murhunsu, gizo-gizo ya kusa yin saƙa a kai.

Sai ta kafa doka: wanda ya hawo da bokitin ruwa ya zuba wa shuka, ya sauka da ɗaurin ganye. Ba kyauta ba ce, ladan aiki ne. Washegari Baba Direba ne ya fara hawowa, yana nishi, rabin ruwan ya zube a matakala. Ya shayar da tumatir, ya ɗauki ɗaurinsa, ya ce, "Yanzu kika yi magana, Goggo. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni."

Ta yi alfahari da dokar nan, kuma ta cancanci ta yi. Shekarar farko lambun ya yi kyau har maƙwabta na leƙowa ta tagoginsu.

Amma yunwa ba ta tsaya inda ta same su ba. Kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, aikin ɗan dako ma ya zama sai da hanya. Gidajen da ke hawowa jefi-jefi suka koma kullum, waɗanda suka yi dariya a da suka sayi bokiti. Ɗauri ya ƙanƙance, bokitai suka yi yawa. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma ba wanda ya faɗi abin da hannu da yawa ke yi wa shukar da ke cikin buhu. Ƙasa ta daina bushewa. Ganyen tumatir ya yi rawaya ya langaɓe, albasa ta fara ruɓewa daga gindi, in ka cusa yatsa a buhu sai ya fito da wari.

Goggo ta tara mutanen gidan ta ce ruwa ya yi yawa, a riƙa yin bi da bi, wasu yau wasu gobe, ɗauri kuwa kowa da nasa kullum.

Matar tela ce ta fara magana, kuma dama ita ba ta bari a riga ta. "To Goggo, ranar da ban zuba ba na ɗauka, wa zai rufe bakin mutanen gidan nan? Gobe in 'yata ta yi faɗa a famfo a ce mata 'yar mai cin banza?"

"Wa zai ce?"

"Ni ma zan ce wa wata," in ji matar tela, kuma gaskiya ta faɗa.

Goggo ta ce to a bar ruwa, a yi cirar ciyawa. Ina ciyawar? Kafin ta leƙo ƙasa hannaye na jiranta. Goggo ta samo duro ta ce a zuba ruwan a ciki. Tun hantsi bai dubi ludayi ba duron ya cika ya yi ambaliya, sauran masu bokiti suka tsaya suna kallon juna, sannan ɗaya bayan ɗaya suka juya ga buhunan. Kowa ya san yana kashe shukar. Kowa yana zubawa a hankali, kamar sannun da ake yi ne zai rage ruwan.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wani tabo ya fito a rufin ɗakin Goggo, daidai saitin gadonta, ya yi ta faɗi, sannan ya fara ɗiga. Ta kawar da gadon ta ajiye baho. Ɗigar ta bi gadon.

Ranar nan ta tsaya a bakin matakala da safe ta tare hanya. Ta mayar da matar tela, ta mayar da masu goyo, suka sauka suna gunaguni. Sai ga Baba Direba a ƙarshe, hannu ɗaya a bango, ɗaya riƙe da bokiti.

"Baba, ajiye ruwan nan. Ga naka na ɗaure maka."

Ya dubi ɗaurin, bai taɓa ba. "Me na yi da zan karɓa?"

"Ka hawo. Hawowar ma aiki ne."

"Hawowa ba aiki ba ne, Goggo. Mai bara ma hawowa yake yi."

"Don Allah Baba, don tsohuwa da ke kwance."

"Ita ce za ta fara tambayata ko na zuba."

Ya juya da bokitinsa cike, ya sauka yana hutawa a kowace kwana. Goggo ta tsaya da ganye a hannu. Ta ji haushinsa, ta ji haushin talaucin da ya bar wa mutum girman kai kaɗai ya riƙe, ta fi jin haushin kanta. Wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta, in ji masu magana. Ita ta ɗaure, kuma ba ta sani ba. Washegari bai hawo ba. Ta sauka ta wuce ta ƙofarsu, ba hayaƙi, ba motsin tukunya, sai tarin tsohuwa. Ta koma sama ta bar hanya a buɗe. Aka ci gaba da zuba ruwa.

Da wakilin mai gida ya zo, bai yi dogon bayani ba. Ya shiga ɗakinta, ya ɗaga kai ya ga tsagar da ta ratsa daga bango zuwa bango, ya ce, "Goggo, wannan rufin gida ne, ba fadama ba. In ya rufto ke zai fara dannewa, sannan na ƙasa da ke. Kafin in sake zagayowa kada in ga ko buhu ɗaya." Ta so ya yi zagi ko ta samu abin riƙewa, amma bai yi ba, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Mazan gidan suka sauke buhunan, laka na zuba musu a baya. Goggo ta tsince ɗan abin da bai ruɓe ba ta ɗaɗɗaure, ta ce yau ba doka, kowa ya ɗauka. Mata suka ɗauka kai a sunkuye. Ta ɓoye ɗauri ɗaya a ƙarƙashin mayafi don ta kai wa Baba Direba da kanta, ko da zai sake maido mata.

Ba ta kai ga sauka ba ta ji nishinsa a matakala. Baba Direba ya fito kan rufin da bokitinsa, ya tsaya yana duban fili. Ba buhu, ba taya, sai zagayayyun shaidar laka inda suka zauna. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya taka zuwa inda tumatir yake a da, ya karkata bokitin, ya zuba ruwan a hankali a kan kankare, ya bi shaidar nan ɗaya bayan ɗaya har ruwan ya ƙare.

Goggo ba ta hana shi ba. Ta fito da ɗaurin ta miƙa masa, ya karɓa.

"To Goggo, sai gobe," ya ce, yadda ya saba.

"Allah ya kai mu, Baba."

Ta saurari saukarsa har ta daina ji. Ta shiga ɗakinta ta zauna a bakin gado. Ba a jima ba ruwan nasa ya ratso rufin, ya fara ɗiga a cikin baho.